Yadda ake zaɓen dodannin da za a zuba a kogon wasan da ka tsara da kanka

Maganar wasannin tebur irin su Dungeons & Dragons nake yi, inda jagoran wasa ke tsara kogo da dodanninsa, 'yan wasa kuma su shiga a matsayin jarumai. Ka gama zana taswira. Ɗakuna goma sha biyu, lunguna, matakala, da wata ƙofa da ka ɓoye a bayan bango. Saura mazauna. A nan ne yawancin sababbin jagororin wasa ke ɓata rawarsu da tsalle: sai mutum ya buɗe littafin dodanni, duk wanda hotonsa ya burge shi ya jefa shi a ɗaki. Ɗaki na 1 ƙwarangwal, ɗaki na 2 kyarketai, ɗaki na 3 ƙaton maciji mai aman wuta wanda ko ƙofar ɗakin ba za ta ɗauke shi ba. 'Yan wasa za su yi faɗa su wuce, amma zuciyarsu ba za ta yarda cewa wurin na gaske ne ba.

Na daɗe ina tsara irin waɗannan koguna, kuma hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce a fara ɗaukar dodo a matsayin mazauni mai ciki da buƙata da abin tsoro, sannan daga baya a zo kan lissafi. Lambobin da zan kawo daga bugu na biyar na Dungeons & Dragons ne, wanda ya fito a 2014, domin shi ne ya fi yawa a hannun mutane. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fara fitar da wasan a Amurka a 1974, kuma wasu dabarun da zan ba ka daga tsofaffin dokokinsa suke. Ko wani wasan daban kake bugawa, tsarin zai yi maka.

Kayan aiki

Taswirarka, a kan takarda mai gida-gida, kowane gida ɗaya a matsayin ƙafa 5. Kowane ɗaki ka ba shi lamba.

Fensir da magogi. Kada ka yi da biro, domin za ka goge fiye da sau goma.

Jerin dodanni na wasan da kake bugawa. Idan ba ka da littafi, kamfanin Wizards of the Coast, mai wallafa wasan, ya saki ainihin dokokin kyauta a intanet, kuma akwai ɗaruruwan dodanni a cikin kundin da ake kira SRD, wanda aka buɗe wa kowa a ƙarƙashin lasisin Creative Commons a 2023.

Dayis, wato 'yan ƙwayoyi masu lamba a kowace fuska da ake jefawa: mai fuska 20, da masu fuska 6 guda biyu, da mai fuska 8. In babu, akwai manhajojin waya da ke jefawa, ko ka rubuta lambobi a guntayen takarda ka zuba a kofi a riƙa zara.

Ƙananan katuna, dodo ɗaya kati ɗaya.

Takardun jaruman 'yan wasanka, ko aƙalla ka san su nawa ne, wane matsayi suke (matakin ƙarfin jarumi, ana farawa daga 1), makin ran kowa nawa ne (yawan ɓarnar da zai jure kafin ya faɗi), da irin makaman da suke riƙe da su. Wannan shi ne kayan aikin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi muhimmanci.

Mataki na 1: Rubuta tarihin wurin a layi uku

Kafin ka taɓa littafin dodanni, amsa tambaya uku. Wa ya gina wurin? Me ya sa aka bar shi? Wa ya shigo bayan an bar shi?

Ga misalin da zan yi ta amfani da shi: tsohon ramin haƙar tagulla ne a cikin dutse. Rufin ƙasan ya rufta da mahaƙa, ruwa ya cika rabinsa, masu shi suka gudu. Shekaru bayan haka wasu kobol, ƙananan halittu masu kama da ƙadangare da ke son haƙa da ɗana tarko, suka tare a saman.

Layi ukun nan sun riga sun zaɓar maka rabin dodanninka. Ƙasusuwan mahaƙan da suka mutu suna can ƙasa, ga ƙwarangwal masu tafiya ke nan. Akwai tsofaffin diga da shebur da sarƙoƙi, saboda haka dodon tsatsa mai cin ƙarfe yana da abin da ya kawo shi. Sun kuma hana ka wasu: kyarkeci ba shi da abin yi a rami mai zurfin ƙafa 60 wanda sai da igiya ake sauka.

Mataki na 2: Fitar da masu gida, da abokan gabarsu, da mai ƙarfi ɗaya

Kogo mai ɗaki goma zuwa goma sha biyar ba ya buƙatar fiye da nau'in dodo huɗu ko biyar. In sun wuce haka sai wurin ya koma gidan ajiye namun daji.

Na farko, masu gida. Su ne mafi yawa, su ake fara gamuwa da su, kuma ya kamata su kasance masu hankali da magana, domin a iya yi musu barazana, a yaudare su ko a ƙulla yarjejeniya da su. A raminmu kobol ne, kamar su goma sha biyar a warwatse a ɗakuna huɗu.

Na biyu, abin da masu gidan ke tsoro. Wannan shi ke sa wa kogo rai. Kobol ɗinmu sun toshe hanyar ƙasa da duwatsu da katako saboda ƙwarangwal. Da zarar 'yan wasa sun ga shinge da aka gina daga wannan ɓangaren, da alamun yakushi a ɗaya ɓangaren, sun fahimci akwai labari ba tare da ka ce uffan ba.

Na uku, dabba ko biyu marasa ɓangare, waɗanda ci kawai ya dame su. Ƙaton gizo-gizo a cikin rijiyar da ake sauka, dodon tsatsa a ɗakin ajiyar kayan aiki.

Na huɗu, mai ƙarfi guda ɗaya. Na sa wani basamude, irin wanda littafin ke kira ogre, wanda ya shigo ya danne kobol ɗin, kullum sai sun kawo masa nama in ba haka ba ya cinye ɗayansu. Duba abin da wannan ya haifar: kobol suna da dalilin neman taimakon jarumai, kuma suna da dalilin cin amanarsu in aikin ya ƙare. Ba ka rubuta doguwar tatsuniya ba, zaɓen dodanni kawai ka yi, labari ya fito da kansa.

Mataki na 3: Yi wa kowane dodo tambayoyi huɗu

A bayan katinsa rubuta amsar waɗannan: me yake ci, ina yake kwana, ta ina yake shiga da fita, me yake so a yanzu. Kalma biyar ta isa kowace amsa.

Tambayar shiga da fita ita ke kama kurakurai. Basamuden nan yana cin gida huɗu a taswira, wato ƙafa 10 kowane gefe. Idan ɗakinsa ƙofa ɗaya gare shi kuma wani siririn lungu ne da kobol kaɗai ke ratsawa, to ta ina ya shiga? Ko dai ka faɗaɗa hanyar, ko ka mayar da shi kusa da bakin ramin. Akwai kuma hanya ta uku da nake so ƙwarai: ka bar siraran lungunan, su zama wurin da kobol ke ɓuya daga gare shi, kuma wurin da jarumai za su tsere in faɗa ya juya musu.

Wanda ba ya ci ba ya sha, kamar ƙwarangwal, fatalwa ko mutum-mutumin da aka tsafe, shi ya dace da ɗakin da ke rufe shekara ɗari. Kada ka sa mai numfashi a bayan ƙofar da aka liƙe.

Mataki na 4: Yanzu sai lissafi

Kowane dodo a bugu na biyar yana da lambar da ake kira CR, ma'aunin haɗarinsa. A dunƙule, dodo mai lamba 1 ya kamata ya zama abin karawar jarumai huɗu masu matsayi na 1 ba tare da wani ya mutu ba. Kowace lamba tana da makinta: 1/8 maki 25, 1/4 maki 50, 1/2 maki 100, lamba 1 maki 200, lamba 2 maki 450.

Ga yadda dokokin 2014 ke auna faɗa. Jarumi ɗaya mai matsayi na 1 yana ɗaukar maki 25 a faɗa mai sauƙi, 50 a matsakaici, 75 a mai wuya, 100 a mai iya kisa. Ka ninka da yawan jarumai. In su huɗu ne, ka sami 100, 200, 300 da 400. Sai ka haɗa makin dodannin da ke faɗan, ka ninka da 1.5 in su biyu ne, da 2 in su uku zuwa shida ne, da 2.5 in bakwai zuwa goma ne.

Gwada da kobol shida. Kowanne maki 25, jimla 150, ninki biyu 300. Faɗa mai wuya ke nan, alhali kowane kobol makin ransa 5 ne kacal, sara ɗaya ke kai shi ƙasa. Gobilin huɗu kuwa, wasu ƙananan dodanni masu maki 50 kowanne, 200 ninki biyu 400, sun kai ga kisa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma dalilin a fili yake: dodo shida hari shida ne a kowane zagaye. Sabon bugun dokokin na 2024 ya cire wannan ninkin, amma ni har yanzu ina yinsa a gefen takarda idan jarumai suna matsayi na 1 ko na 2, domin a nan ne rai ya fi rauni.

Sai gargaɗin da nake so ka riƙe fiye da kowane. Lambar CR ba ta gaya maka abin da bugu ɗaya zai yi. Basamuden nan kulkinsa yana cin dayis mai fuska 8 guda biyu a ƙara 4, matsakaici 13, ƙarshe 20. Mai sihiri a matsayi na 1 yakan fara da makin rai kamar 8. Doka ta ce idan ɓarnar da ta rage bayan ransa ya kai sifili ta kai cikakken makin ransa, ya mutu nan take. Wato bugun 16 ya gama da shi, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na bugun da ya same shi zai kai haka.

Na ga wannan da idona a teburina. Wata yarinya da ta fara wasa a ranar ta kwashe kusan awa ɗaya tana tsara jarumarta, har ta zana mata sanda mai gashin tsuntsu a gefen takardar. A faɗan farko na jefa dayis, suka nuna 7 da 6. Ta dubi takardarta, ta dube ni, ta ajiye fensir a hankali ba ta ce komai ba. Laifina ne, domin ban gwada kulkin da ranta ba kafin mu zauna. Tun daga ranar, kowane dodo sai na ɗauki bugunsa mafi girma na auna da jarumin da ya fi kowa rauni. In zai iya kashe shi daga cikakken rai da bugu ɗaya, ko na sauya dodon, ko na kai shi can ƙarshen kogo inda za a iske shi bayan an kai matsayi na 2, ko na cika hanyarsa da alamun gargaɗi.

Mataki na 5: Duba baiwar da lamba ba ta nunawa

Wasu dodanni lambarsu ƙarama ce amma suna ɗauke da abin da ke rusa wasa. Karanta katin kowanne har ƙasa.

Dodon inuwa lambarsa 1/2 ce, amma duk taɓawarsa tana rage ƙarfin jiki, kuma in ƙarfin ya kai sifili mutum ya mutu, komai yawan makin ransa. Mai cin gawa, wanda littafin ke kira ghoul, yakushinsa yana sandarar da mutum, ɗan wasa ya zauna yana kallo ana wasa ba shi. Ɗaya ya isa, uku zalunci ne. Turol, wani ƙaton dodo, yana mayar da makin rai 10 kowane zagaye sai an ƙona shi da wuta ko ruwan asid mai ci. Mutum-kyarkeci a dokokin 2014 makami na yau da kullum ba ya yi masa komai sai na azurfa ko na sihiri.

Ƙa'idata a nan ita ce, duk dodon da ke buƙatar mabuɗi na musamman, mabuɗin ya kasance a cikin kogon ko a hannun jarumai, kuma a sami alamar da ke nuna shi. Ƙwarangwal yana jin bugun guduma ninki biyu. To ka bar tsohuwar gudumar mahaƙa a jingine kusa da shingen, da tarin farfasassun ƙasusuwa a gefenta. Ɗan wasan da ya lura ya haɗa biyu da biyu zai ji daɗin da ya fi na samun zinariya.

Ka kuma duba ɗaya gefen. In cikin jarumanka akwai maharbi, ba shi abin da zai harba daga nesa, kamar gizo-gizon da ke manne a rufi. In akwai mai sihirin da ke sa barci, bar masa tarin kobol ya zubar da su, kada ka cika kogon da ƙwarangwal waɗanda sihirin ba ya kama su. Kowa ya sami ɗakin da zai haska.

Mataki na 6: Rarraba su a taswira, ka bar ɗakuna babu kowa

Tsofaffin dokokin 1981 suna da wata hanya mai sauƙi. Kowane ɗaki ka jefa dayis mai fuska 6: 1 ko 2 dodo, 3 tarko, 4 wani abin mamaki, 5 ko 6 babu kowa. Wato kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ɗakuna ke da dodo. Ba dole ka jefa ba, amma ka riƙe wannan rabon. A ɗaki goma sha biyu, faɗa huɗu zuwa shida ya wadatar.

Ɗakin da babu dodo a nan ake ganin sawu, a ji wari, a tsinci sulken da tsatsa ta cinye rabinsa. A nan tsoro ke taruwa, a nan kuma jarumai ke numfasawa su yi shawara.

Ka lura da sauti. In an yi faɗa a ɗaki na 3 kuma ɗaki na 4 labule ne kawai a tsakaninsu, na ciki za su ji su fito. Faɗa biyu matsakaita sun haɗe sun zama ɗaya mai kisa. Ko dai ka raba su da nisa, ko ƙofa mai kauri, ko ƙarar ruwa, ko kuma ka lissafa su tare tun farko.

Kada kuma faɗace-faɗacen su zama iri ɗaya. Kobol a siririn lungu da tarko a gabansu. Ƙwarangwal a cikin ruwa iya gwiwa, inda tafiya ke da nauyi. Gizo-gizo a lokacin da jarumai ke rataye a igiya. Dodo ɗaya a wuri biyu daban tamkar dodo biyu ne.

Mataki na 7: Kada mai ƙarfin ya tsaya shi kaɗai

Basamude yana da makin rai 59 amma kariyarsa, wato lambar da jifan hari zai kai kafin a same shi, 11 ce kawai, kuma hari ɗaya yake kaiwa a zagaye. Jarumai huɗu masu matsayi na 2 za su kewaye shi, kafin zagaye uku ko huɗu ya faɗi. Ƙara masa rai ba ya gyara komai sai tsawaita faɗan. Abin da ke gyarawa shi ne ka ba shi kobol biyu ko uku da ke jifa daga saman katako saboda tsoronsa, waɗanda za su watse da zarar ya raunana, da kuma ginshiƙan katako da zai iya bugewa rufi ya zubo. Sai ka sake lissafi da su a ciki.

Mataki na 8: Shirya masu yawo, da halin kowa

Yi ɗan jeri na abubuwa shida da za a iya karo da su a hanya, duka daga mazaunan da ka riga ka zaɓa: kobol biyu ɗauke da nama za su kai wa basamude, dodon tsatsa yana bin ƙanshin takobi, ƙwarangwal ɗaya da ya ɓalle daga shinge, gurnani daga nesa, da makamantansu. A tsohuwar doka, duk bayan minti 20 na lokacin cikin wasa ana jefa dayis mai fuska 6, in 1 ta fito wani abu ya iso. Wannan ke hana jarumai yin zaman dirshan a kowane lungu. Duk wanda aka kashe a hanya ka rage shi daga ɗakinsa.

Ba kowace gamuwa ce faɗa ba. In ba ka yanke yadda dodo zai karɓe su ba, jefa dayis biyu masu fuska 6: 2 hari nan take, 3 zuwa 5 gaba, 6 zuwa 8 shakka, 9 zuwa 11 yana sauraron tayi, 12 abota. Haka kuma, idan na farko ya faɗi a cikinsu, ko rabinsu ya ƙare, ka tambayi kanka ko sauran za su tsaya. Kobol zai gudu ya kira 'yan'uwansa. Gizo-gizo zai koma saƙarsa. Ƙwarangwal ne kawai ba ya ja da baya, kuma saboda sauran suna gudu, rashin gudunsa zai ba da tsoro.

In dodon da kake so babu shi a littafi

Kada ka ƙirƙiri lambobi daga sama tun kana sabo. Ɗauki dodon da ƙarfinsa ya dace, ka sauya masa fata. Kana son wata halitta ta laka da ke fitowa daga ruwan ramin? Ɗauki lambobin gawa mai tafiya, rai 22, kariya 8, tafiya a hankali, ka kwatanta ta da laka da tushen itace. Ka sauya abu ɗaya kawai, misali wuta tana busar da ita ta farfashe. Wannan dabara tana da wani amfani in kana da ɗan wasan da ya haddace littafin dodanni, domin ba zai gane abin da ke gabansa ba.

In babu 'yan gumakan da ake ɗorawa a taswira, maɓallai, murafen kwalba ko tsakuwa sun isa, muddin kowanne yana da lamba don ka san wanda aka sara.

Mataki na 9: Gwada kafin ranar wasa

Ɗauki faɗan da ya fi ba ka shakka, ka buga shi kai kaɗai da takardun jaruman, zagaye uku. Minti goma zai ci. In jarumi biyu sun faɗi kafin zagaye na uku, rage dodo ɗaya. In dodannin sun ƙare ba su taɓa kowa ba, ƙara ɗaya ko ka ba su wurin fakewa.

A gefen kowane ɗaki rubuta lamba biyu da fensir, yawan dodanni in kowa ya zo, da yawansu in mutum ɗaya bai samu zuwa ba. Jarumai uku a matsayi na 1 iyakarsu ta faɗa mai wuya 225 ce, saboda haka kobol shidan nan sai su koma huɗu. Jera katunan bisa lambar ɗakuna, na masu yawo a sama, ka ɗaure su da roba ka ajiye a kan taswirar.